Aku, Tsirya da Tsohon Icce Mai Kogo: Me Ake Kamawa, Me Muke Rasawa?

A watan Agusta na 2025 hukumar kwastan ta Najeriya ta sanar da cewa ta tare tsuntsaye masu rai fiye da 1,600 a filin jirgin saman Legas, ana shirin fitar da su zuwa Kuwait babu takardun izini. Labarin ya bi wayoyi ya iso mu nan Maraɗi, kuma a fadar da muke shan shayi bayan isha'i sai da ya cinye mana dare guda. Wani ya ce aku ne aka kama, irin mai sallama da kiran sunan maigida da ake gani a TikTok. Wani ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, a bar ɓarayin shanu a koma gadin tsuntsu. Sai wani dattijo da ke kishingiɗe a gefe ya miƙo hannu aka ba shi wayar, ya ƙura wa hoton ido, ya ce, "Kai yara, wannan ai tsirya ce. Ita ce ke cinye mini gwaiba a garka."

Gaskiyarsa kuwa. Cikin abin da aka tare akwai kanari, sauran kuma tsirya ce, koren tsuntsun nan mai dogon bindi da ke ratsa sararin gulbinmu da sassafe. Abin da yaranmu ke kora da majajjawa, shi ne wani ke biyan kuɗin jirgi a kai masa. Tun daga daren nan tambayoyi suka tsaya mini a rai. Wane ne aku, wace ce tsirya? Ina suke kwana, me suke ci? Me ya sa ƙasashen duniya suka zauna suka yi doka a kansu? Kuma ina ruwan manomin Safo ko mai garka a Jiratawa da wannan zance?

Tsuntsu uku, suna ɗaya

A bakin mutane, duk tsuntsun da aka gani cikin keji da lanƙwasasshen baki aku ne. Ba su yi nisa da gaskiya ba, don dangi ɗaya ne, kuma dangin yana da faɗi: kusan iri 400 ne a duniya, galibinsu a ƙasashe masu zafi. Abubuwa uku ke nuna ɗan wannan gida. Na farko baki mai ƙugiya, mai ƙarfin fasa ƙwallo. Na biyu harshe mai kauri. Na uku ƙafa, wadda yatsunta biyu ke kallon gaba, biyu baya, shi ya sa take riƙo kamar hannu. Amma a ƙasar Hausa iri uku ne ake cakuɗawa, kuma rarrabe su shi ne mabuɗin duk sauran bayanin.

Wanda ya yi suna, mai launin toka da jan bindi kamar an tsoma shi a jini, ba ɗan ƙasarmu ba ne. Ɗan kurmi ne. Gidansa dazukan ruwa masu duhu, daga Kodebuwa da Gana, ta kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon, har Kwango da Yuganda. Tsawonsa kamar santimita 33, fuskarsa fara, kuma abin marmarinsa kwakwar manja. Fatake ne suka riƙa hawo da shi arewa tare da goro tun zamanin da, har ya shiga labaranmu da karin maganarmu, muka ɗauke shi namu. Duk akun toka da ka gani a wani gida a Maraɗi, ko shi ko iyayensa sun yi doguwar tafiya.

Tsirya ita ce tamu ta gado. Jikinta kore shar, launin ɗanyen ganyen dawa, siririya, bindinta ya fi rabin tsawonta, kuma idan aka haɗa da shi takan kai santimita 40. Bakinta ja ne mai duhu. Namiji yana da zobe a wuya, baƙi daga ƙarƙashin haɓa, sannan ya koma ja-ja mai haske ta ƙeya, amma zoben ba ya fitowa sosai sai ya yi shekara biyu zuwa uku. Mace ba ta da shi. Don haka wanda ya sayi ƙaramar tsirya aka rantse masa namiji ne, sai dai ya jira lokaci ya nuna. A sama ba a ɓata ta: tashinta a miƙe yake, da sauri, bindin ya bi ta kamar kibiya, kuma tun kafin ka gan ta ka ji ƙararta mai kaifi. Tana zaune a wannan zirin na Sahel tun daga Senegal har Habasha, tana kuma da ƴan'uwa a Indiya da Pakistan. Tsuntsuwa ce mai taurin rai. Waɗanda suka kuɓuce daga keji a Turai sun hayayyafa, yau dubbansu na shawagi a Landan da Burasel da Amsterdam, cikin sanyin da mu ba za mu iya kwana a waje ba.

Na ukun shi ne ya fi kowa ado, kuma shi ne mutane suka fi jahilta. Ƙaramin aku ne dunƙulalle, mai gajeren bindi, bai wuce santimita 23 ba, nauyinsa giram 120 zuwa 170. Masu Faransanci suna ce masa yuyu, littattafai kuma suna jingina shi ga Senegal, ko da yake ya bazu har Chadi da Kamaru. Kansa launin toka ne mai duhu, bayansa da fukafukansa kore, cikinsa kuwa rawaya kamar nunannen mangwaro, koren ƙirjin ya gangaro cikin rawayan ya yi tsini, sai ka ce ya sa ƴar shara a kan riga. A wasu yankunan cikin kan koma ruwan lemu, a wasu har ya yi kusan ja. Idon babba rawaya ne garau, na ɗan tsako kuwa baƙi-baƙi, kuma da wannan ake gane shekarunsa. Mace da namiji ba su da bambancin da ido zai kama.

Na taɓa zama kusa da wani a gidan kawuna, na miƙa masa gujiya da ɓawonta. Bai karɓa da baki ya haɗiye ba yadda kaza za ta yi. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar ya riƙe gujiyar, ya jujjuya ta har ya sami gaɓa, ya ɓare, ya tura ƙwayar da harshe zuwa gefen baki, ya sulluɓe jar fatar ya yar, sannan ya ci. Duk wannan yana kallona da ido ɗaya, baƙin idon yana tsukewa yana buɗewa. Wanda ya ga haka sau ɗaya ba zai ƙara ce masa tsuntsu kawai ba.

Inda suke kiwo

Tsirya da yuyu ba sa son kurmi mai duhu, ba sa kuma son fili fetal. Ƙasar da ta dace da su ita ce mai gonaki da manyan itatuwa jefi-jefi, da ruwa a kusa. Wannan kuwa siffar kudancin jihar Maraɗi ce: kwarin Gulbin Maraɗi da garakensa na mangwaro da gwaiba, kewayen tabkin Madarunfa, da dajin Baban Rafi can wajen iyaka. Tsirya ta fi jure fari, shi ya sa ake ganinta har inda itatuwa suka fara sirancewa. Yuyu ya fi son inda icce ya yi kauri. A Nijar an fi saninsa wajen Gaya da gandun dajin W, a jiharmu kuma kudu ake nemansa.

Abincinsu yana bin shekara yadda namu ke bi. Idan ɓaure ya nuna suna kansa. Idan magarya ta yi, ko tsamiya, ko kanya, suna can. Suna cin fure da toho, suna fasa ƴaƴan gawo da na ɗorawa. Da kaka kuma, lokacin da dawa da hatsi suka yi kai, sai su sauka gona, kuma a nan ne suke ɓatawa da manomi. Da rana tsaka ba ka jin ɗuriyarsu, sun lafe cikin ganye, koren jikinsu ya haɗe da na iccen. Safiya da maraice ne lokacinsu. Tsirya takan taru da yawa a icce ɗaya ta kwana, da hayaniya kamar kasuwa na watsewa, sannan gari na wayewa kowane garke ya kama hanyarsa.

Maganar kogo

A nan ne zancen yake, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Dangin aku na ƙasarmu ba sa saƙa sheƙa a reshe. Ba su iya ba. Kogon icce suke nema, ko wanda ruɓa ta yi inda reshe ya karye, ko wanda maƙwaƙwafa ta sassaƙa ta bari. Suna iya ɗan gyara bakinsa, amma ba sa fafe ɗanyen icce daga farko. Kogon kuma sai ya yi zurfi, ya yi nisa da ƙasa, ruwa ba ya shiga. Irin wannan ba ya samuwa a ƙaramin icce. Sai tsohuwar kuka, tsohon gawo, kanya ko maɗacin da ya ga kakanni. Ga shi ba su kaɗai ke so ba: cilakowa na nema, mujiya na nema, zuma ma na nema.

Idan ma'aurata suka dace da kogo, macen kan yi ƙwai uku ko huɗu, farare. Ta tsirya takan kwanta kansu kwana ashirin da ƴan kai, ta yuyu kusan mako huɗu, namiji yana kawo mata abinci har bakin ƙofa. Ƴaƴan suna fitowa tsirara, ido a rufe, kuma sai sun yi wajen mako bakwai, na yuyu ma tara, kafin su iya tashi. A lissafa, kusan wata uku ke nan gida ɗaya yana daure a icce ɗaya. Kwatanta da jan baki, wanda cikin ƴan makonni ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe ya tashi da dubban ɗaruruwa. Aku ba ya haihuwa da gaggawa. Tsawon rai ne jarinsa, don akun toka kan yi shekara 40 zuwa 60 a hannun mai kula, yuyu ma yakan haura ashirin. Tsuntsu mai irin wannan tsari, idan aka ɗebi manyansa ko aka rushe masa wurin haihuwa, ba ya farfaɗowa da wuri.

Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, don da hannuna a ciki. Muna yara, akwai wata kanya a bakin gonarmu ta fadama wadda tsirya ke haihuwa cikinta kowace shekara. Wata shekara muka hau, hannu ya kasa kaiwa ƙasan kogon, sai muka ɗauko gatari muka faɗaɗa bakin. Muka fito da ƴaƴa uku, jikinsu duk tsiron gashi kamar ƙaya, bakinsu a buɗe. Uwar tana kewaya kanmu tana ƙara har muka bar wurin. Muka riƙa ɗura musu kunu da tsinken kara. Biyu ba su kai mako ba. Na ukun ya rayu ƴan watanni. Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne ba ƴaƴa uku kaɗai muka kashe ba. Da damina ta zo ruwa ya cika kogon, tsirya ba ta sake komawa ba, ruɓa ta ci cikin kanyar, bayan wasu shekaru iska ta kayar da ita.

Shin da gaske yana magana?

Aku ba shi da leɓe, ba shi kuma da irin maƙogwaron da mu muke magana da shi. Muryarsa tana fitowa ne daga can ƙasan bututun numfashi, daidai inda ya rabu biyu zuwa huhu, sannan ya gyara ta da harshe da buɗin baki. Saboda haka abin da wasu ke yi na kankare masa harshe ko ɗan yanke shi wai don bakinsa ya buɗe, azaba ce kawai. Zancen ba shi barkono don ya yi surutu kuwa ba shi da tushe. Yana ci ne hankali kwance domin tsuntsaye ba sa jin yajin barkono yadda mu muke ji.

Me ya sa yake kwaikwayo? A daji aku ba ya zama shi kaɗai. Yana koyon kiran abokiyar zamansa da na garkensa, da shi suke gane juna cikin duhun ganye. Idan aka raba shi da su aka rataye shi a zaure, mutanen gidan ne suka zama garkensa, sai ya koyi kiransu: sallama, tarin maigida, kukan jariri, ƙarar waya. Abin da muke dariya a kai, a wajensa neman ƴan'uwa ne. Shi ya sa wanda aka bari shi kaɗai yini da kwana yakan kama fizgar gashin jikinsa har ƙirji ya zama fata.

Ko yana fahimtar abin da yake faɗa? Galibi sauti ne da ya haɗa da lokaci, ya ji ana sallama idan ƙofa ta motsa, shi ma ya yi. Amma ba nan abin ya tsaya ba. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta sayi akun toka a 1977 ta sa masa suna Alex, ta yi shekara talatin tana aiki da shi har ya mutu a 2007. Ya san kalmomi fiye da ɗari, yana faɗin launin abu da siffarsa idan an tambaye shi, yana ƙirga abubuwa har shida. A fagen magana akun toka ne gaba nesa ba kusa ba. Tsirya da yuyu sukan kama ƴan kalmomi da fito, da yawa kuma har su mutu ba su ce uffan ba. Mai sayen koren tsuntsu da fatan ya riƙa hira da shi, ya san da wannan tun kafin ya zaro kuɗinsa.

Yadda ciniki ya jawo doka

Kyau da baki su ne suka zame wa wannan dangi masifa. Yau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren aku a duniya suna cikin haɗarin ƙarewa. Akun toka kaɗai, fiye da miliyan guda aka fitar daga Afirka da takardu tun daga 1975, ban da na bayan fage, ban da waɗanda suka mutu a hanya. A kurmi ana kama su da sanduna masu danƙo da ake kafawa inda suke kwana, ko da raga, a ɗaure ɗaya a matsayin ɗan kira. Daga nan a cusa su cikin akwatuna, babu isasshen ruwa, babu iska, kuma kaso mai yawa ba ya kaiwa kasuwa da rai. Jan gashin bindinsa ma abin nema ne a kudu, don ado na sarauta da sha'anin gargajiya. Wani bincike da aka fitar kan Gana ya nuna cewa daga 1992 ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta. Yuyu ma bai tsira ba: tsakanin 1981 da 2005 an rubuta fiye da dubu 700 da aka kamo daga daji aka sayar ƙetare, abin da ya sa shi cikin tsuntsayen da aka fi fatauci a duniya.

Yarjejeniyar da ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda ake kira CITES, an sa mata hannu a Washington a 1973, ta fara aiki a 1975, kuma Nijar da Najeriya duk suna ciki. A 1981 aka shigar da kusan dukkan dangin aku ƙarƙashinta. A 2016, a taron Johannesburg, aka ɗaga akun toka zuwa mataki mafi tsanani, wato an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Yuyu yana mataki na biyu, ana iya fitar da shi amma sai da izini. Tsirya kuwa ba ta cikin jerin, saboda yawanta a duniya. Wannan bai sa ta zama ta kowa ba. A nan gida akwai doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 kan farauta da kare namun daji, kuma kamun naman daji da rai don ciniki sai da izinin jami'an gandun daji.

Amurka ta taƙaita shigar da tsuntsayen daji tun 1992. Tarayyar Turai ta dakatar a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mai da dakatarwar dindindin a 2007. Kasuwar ba ta mutu ba, ta juya ne zuwa ƙasashen Larabawa da Asiya. Shi ya sa kayan Legas suka nufi Kuwait. Maraɗi kuwa gari ne na kan hanya, tsakaninmu da Jibiya da Katsina ta Ɗan Isa tafiyar ƴan sa'o'i ce, kuma duk abin da ke da mai saye a can yana iya bi ta nan.

Kowa da hujjarsa

Manomi yana da gaskiya idan ya yi kuka. Tsirya ba ta cin mangwaro ta gama, takan ɗan gatsa nan ta koma can, ta bar rabin icce da tabo, kuma mangwaro mai tabo ba shi da daraja a kasuwa. A dawa ma takan tsinke kai ta tashi da shi. Sai dai a auna da adalci. Garken tsirya goma ne, ashirin ne. Wanda ke share gona cikin yini guda jan baki ne da fara. Yaro da gwangwani da igiya yana iya tsare garka daga tsirya a ƴan makonnin da ƴaƴa ke nuna.

Mai kamu shi ma ba don mugunta yake yi ba. Saurayi ne da rani ya same shi babu aiki, ga tsuntsu a icce, ga mai saye. Amma shi ne ke samun mafi ƙanƙantar riba a duk layin, shi ke hawa icce da haɗarin faɗuwa ko saran maciji a kogo, kuma shi ne zai wayi gari babu abin kamawa, alhali dillalin birni ya koma wata ƙasa.

Mai kiwo kuma yakan ce addini bai hana ba. Haka ne, malamai suna kafa hujja da yaron nan ƙanen Anas, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) yana tambayarsa labarinsa. Amma malaman nan sun gindaya sharaɗin ci da sha da rashin cutarwa, suna tunatarwa da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Akwai kuma hadisin da ya fi kusa da zancenmu: sahabbai suka ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa a hanyar tafiya, ta zo tana shawagi tana karkaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da ƴaƴanta. Ranar da na fara jin wannan a wurin karatu, kanyar fadamarmu ce ta faɗo mini a rai.

Wanda ya riga yana da aku a gida, sakinsa ba lallai ne ya zama alheri ba, musamman na toka, wanda ba zai rayu a dajinmu ba. Abin da ya kamace shi keji mai faɗin da zai buɗe fukafukai, inuwa, ruwa mai tsabta kullum, abinci iri-iri ba gujiya kaɗai ba, da zama cikin mutane. A nisantar da shi daga fiya, da cakulan, da kofi, da abu mai gishiri, don suna iya kashe shi. A kuma riƙa share kejin da ɗan yayyafin ruwa, domin akwai wani zazzaɓi mai kama huhu da mutum kan ɗauka ta shaƙar ƙurar busasshen kashin aku. Sabon tsuntsun da ba a san inda ya fito ba kada a haɗa shi da kaji. Masu kiwo ba su manta da murar tsuntsayen da ta ɓulla a Magarya a 2006 ba.

Itatuwa sun dawo, kogo bai dawo ba tukuna

Mu mutanen Maraɗi muna da abin alfahari a sha'anin icce. Bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984 da ake kira El Buhari, gonakinmu sun zama fili, iska na binne shuka da rairayi. A wannan lokaci ne wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a nan, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka karɓi dabarar barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture a gyara su, abin da muke kira sassaben zamani. Daga Maraɗi ta bazu zuwa Damagaram da sauran wurare, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Duniya ta yaba, shi kansa an ba shi babbar lambar yabo a 2018.

Wannan ya dawo wa tsirya da abinci da wurin sauka. Amma galibin itatuwan nan matasa ne, sabara da kalgo da gawon da bai wuce shekara talatin ko arba'in ba, jikinsu lafiya lau, babu kogo. Tsofaffin da ke da kogo kuwa su ne ake ta rasawa ɗaya bayan ɗaya. Mai itacen girki yana ganin icce mai ruɓa a matsayin wanda ya gama amfani. Masassaƙi yana son kauri. Mai neman zuma yakan sa wuta a kogo. Makiyayi yana sassare rassa da rani. Garin Maraɗi kansa yana faɗaɗa yana cinye garake. Don haka ana iya samun gona cike da icce, amma babu ɗaki ko ɗaya da tsirya za ta yi ƙwai. Idan za a ƙara abu ɗaya cikin tarbiyyar sassaben zamani, to a ce kowace gona ta bar tsohon iccenta tsaye ko da ya fara ruɓewa, muddin ba ya barazana ga gida ko hanya. A wasu ƙasashen ana rataya akwatin katako mai ƙaramar ƙofa a saman icce don dangin aku su haihu ciki. Mutanen da suka iya ɗaura amya a reshe ba za su kasa wannan ba.

Bayan kwana biyu da musun fada na bi dattijon nan zuwa garkarsa a bakin gulbi, tun rana ba ta fito ba. Ya nuna mini gwaibar da aka gatsa, yana faɗa. Sannan ya ja ni can ƙarshen shinge, wurin wani gawo da mutum biyu ba za su rungume shi ba, rabinsa ya bushe. Ya nuna sama da sandarsa, ga wani ɗan rami baƙi a ƙarƙashin karyayyen reshe. Muka tsaya shiru. Can sai ga koren kai ya leƙo, babu zobe a wuya, ya dube mu, ya koma ciki.

Na ce, "Baba, ashe a gidanka ɓarauniyar take."

Ya ce, "Tun mahaifina na da rai suke nan. Sau biyu masassaƙa na zuwa da kuɗi a hannu kan iccen nan." Ya sunkuya ya tsinci wata gwaiba da ta faɗo, ya yanke wajen tabon da wuƙa, ya miƙo mini sauran. "Na ce su dawo in na mutu, su yi magana da yara."